Fulawar Meziko a gidana na Mabera: sharhi bayan bazara biyu

Sau biyu na sayi fulawar nan a hannun mutum ɗaya. Ta farko ta mutu cikin kwana goma sha tara. Ta biyu ga ta can ta cinye rabin rumfar ƙofar kicin ɗina, har 'yan'uwa da maƙwabta sun ishe ni da tambayar inda na samo ta da yadda nake yi da ita. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, kowa ya huta.

A watan Maris na 2023 ne, lokacin da takardar kuɗi ta yi ɓatan dabo a gari, ina dawowa daga aiki na hango ta wajen masu sayar da furanni a bakin titi. An ɗora ta kan wata 'yar gora, furanninta ruwan goro jawur kamar garwashi, kowanne bai wuce faɗin murfin kwalba da kaɗan ba. Na tsaya. Mai fulawar ya ɗauko mini ƙaramarta cikin baƙar leda, ya ce naira 1,500, na tura masa ta waya don babu tsaba a hannuna. Da na tambaye shi yadda ake kula da ita, sai ya ce, "Hajiya, wagga ba ta da wahala. Rana ta ka so. Ruwa kaɗan ya ishe ta." Sunanta ma bai sani ba, "mai hawa" kawai yake ce mata.

Ni kuwa na ɗauki maganarsa dumu-dumu. Na dasa ta a gindin katangar da rana ke duka tun daga azahar har faɗuwarta, ana saura 'yan kwanaki a kama azumi. Duk ɗan Sakkwato ya san abin da katangar bulo ke zama a wannan lokaci: zafi ya haura digiri 40, bulon ya sha rana ya ƙoshi, bayan isha'i ma in ka dafa shi sai ka janye hannu. Ganyen ya fara lanƙwashewa da rana yana miƙewa da dare, daga baya ya daina miƙewa. Da na tuge ta sai na ga wani abin haushin. Ƙasar da ke cikin ledar laka ce zalla, irin ta fadama, ta daskare kamar tubali, saiwar ko leƙowa waje ba ta yi ba. Ashe duk ruwan da nake zubawa gefe yake bi ya wuce.

Autana ne ya ɗauki hoton babbar da ke kan gora a wajen mai fulawar ya nemo mana sunanta a intanet. Turawa na ce mata Mexican flame vine, asalinta ƙasar Meziko ce da ƙasashen da ke kudu da ita. A wajen masana tsirrai an daɗe ana kiranta Senecio confusus, kafin a sauya mata wani dogon suna da harshena ba ya iya juyawa. Dangin Senecio ɗin nan gari guda ne, sun haura iri dubu, akwai ciyayin da manoman Turai ke nomewa su zubar, akwai masu kaurin ganye irin na tukunya. Abin da ya ba ni dariya shi ne jin cewa babban gidansu ɗaya da shuwaka da latas. Kalmar Senecio kuma daga Latin take, tana nufin tsoho, saboda in furen ya bushe sai ya zama farin gashi buzu-buzu kamar furfura. Na gaya wa Inna, surukata, ta ce to ashe 'yar'uwarta ce na kawo mata gida.

A intanet ɗin ma abin da aka rubuta shi ne tana son cikakkiyar rana. Wato mai fulawar bai yi ƙarya ba, sai dai waɗanda suka rubuta hakan ba ranar Afrilun Sakkwato suke nufi ba. Wannan shi ne abin da na biya kuɗi na koya, kuma in mutum bai ɗauki komai daga rubutun nan ba, ya ɗauki wannan.

Na koma a ƙarshen Yuli, damina ta zauna. Na gaya masa ta farko ta mutu, ya ce, "Hajiya, ai kwananta ne ya ƙare," bai rage mini ko sisi ba. Wannan karon na duba da kaina: na zaɓi wadda saiwa ta fara leƙowa ta ƙasan leda, mai rassa uku, ba ruwana da ko tana da fure. A gida na jiƙa dunƙulen lakar cikin bokiti har ya saki, na wanke rabinsa da yatsa a hankali. Ramin na haƙa shi zurfin kamu ɗaya a gefen rumfar kicin, inda hantsi ke samunta sosai amma da azahar ta yi inuwar ɗaki ta rufe ta. Na cika shi da rairayi, da ƙasar tsakar gida, da tsohon kashin awaki wanda ya shekara ya zama gari. Ɗanyen taki kada a kusanto da shi, ƙona saiwa yake yi, ga kiran gara.

Abin da ya biyo baya ya wuce zatona. Cikin sati uku ta kama, ta fara miƙo hannuwa tana neman abin riƙewa. Ba ta da ƙaya, ba ta kuma manne wa bango da kanta, naɗewa take yi, don haka sai an ba ta abin hawa. Na ɗaure mata igiyoyi huɗu daga ƙasa zuwa saman rumfa, na riƙa naɗa mata kan da hannu na 'yan kwanaki, daga nan ta ci gaba da kanta. Kafin kaka ta kai sama, kusan mita uku. Ganyenta kore shar, mai ɗan kauri, da baki kamar zarto.

A nan na yi wauta ta biyu, kuma wannan laifina ne ni kaɗai. Maigida yana ɗan noman rani a wajen Kwalkwalawa, akwai ragowar buhun yuriya a zaure. Na ɗebo tafi guda na barbaɗa mata, wai ni mai gata. Ta yi ganye kamar hauka, fure kuwa ko ɗaya babu har wata biyu. Takin da ke sa ganye daban, abin da ke sa fure daban, duk manomin tumatir ya san haka, ni ce dai ban tambaya ba. Tun daga ranar ban sake ba ta komai ba sai gwangwani biyu na tsohon taki a farkon damina da ɗan tokar murhu jefi-jefi.

Furen ya zo da sanyin hunturu, kuma a nan ne kuɗina ya fito. Yana fitowa ne gungu-gungu a ƙarshen reshe. Ranar farko ruwan goro ne mai haske da ɗan rawaya a tsakiya, bayan kwanaki sai ya rine ya koma ja kamar an shafa masa jan kanwa, saboda haka a reshe ɗaya za ka ga launi biyu ko uku lokaci guda. Wata safiyar Janairu, hazo ya rufe gari ko hasumiyar masallacin unguwa ba a gani, na fito da kofin kunu a hannu ina rawar ɗari, komai na tsakar gidan ya yi fari fat da ƙura, ita kaɗai ce ke ci kamar an kunna fitila. Da hantsi ya ɗaga sai ga malam-buɗe-littafi, na ƙirga bakwai a kanta, ga ƙudan zuma na ta kai-komo. Shekara goma sha ɗaya ina gidan nan ban taɓa ganin haka ba. Inna da ta ce mini tun farko, "Ke ɗiyata, hakin da ba a miya da shi, mi za a yi da shi?" yanzu a gindinta take shimfiɗa tabarma tana jan carbi.

Sai maganar bazara, wadda ita ce jarrabawar gaske. Ta 2024 ta zo da azumi a cikinta, zafin kuma kowa ya ji a jikinsa. Fulawar ta daina fure, ganyen ƙasa ya zube, na sama ya yi laushi. Ban bar ta ta mutu ba, amma kada wani ya ce maka ruwa kaɗan ya ishe ta a watan Afrilu da Mayu. Bokiti guda take sha kullum, rabi bayan asuba rabi bayan magariba, ga mu a unguwar da famfo ke zuwa ran da ya ga dama, jarka kuma sai an saya wajen 'yan ga-ruwa. Dabarar da ta cece ni ita ce mayar da wurin alwala gindinta. Na aza dutse a gefe, duk mai alwala a gidan can yake yi. Ruwan wanki mai sabulu ban yarda a zuba mata ba. Na kuma rufe gindin da ɓawon gyaɗa mai kauri don ƙasar ta riƙe danshi, na rataya tsohon buhu ta ɓangaren da iska mai zafi ke bugowa. Ruwan farko na sauka a watan Yuni ta farfaɗo kamar ba ita ba. Bazarar 2025 ma haka muka yi da ita.

Da damina kuwa akasin haka ne. In ruwa ya kwanta a gindinta kwana biyu ganye zai fara rawaya, don haka na yi mata 'yar hanya ruwan ya riƙa wucewa.

Akwai abin da mai fulawar bai gaya mini ba, kuma shi ya fi ba ni haushi fiye da lakar. Da yawa daga dangin Senecio suna ɗauke da guba mai cin hantar dabba a hankali, musamman shanu da dawaki. Awaki da tumaki sun fi jurewa, amma wa zai yi gwaji da dukiyarsa? A garin da kusan kowane gida akwai jar akuya ko ragon layya a ɗaure, ai wannan ne abu na farko da ya kamata mai sayarwa ya faɗa. Akuyar Inna ta taɓa tsinke igiya ta kai mata baki, ta ci ganye kaɗan kafin a kama ta. Ba abin da ya same ta, amma ranar na sa aka kewaye gindin da ragar waya, rassan da na yanke kuma ba na zubawa inda dabba za ta kai. Ruwan jikinta yana sa ni ƙaiƙayi a hannu, sai na sa leda in zan yi mata aski. Mai ƙananan yara masu kai komai baki ya yi tunani kafin ya dasa.

Askin nan kuma dole ne. In an ƙyale ta, ƙasa sai ta zama tsirara, igiyoyi kawai, duk kwalliyar ta koma sama inda ba mai gani sai maƙwabci. Nakan rage mata kashi ɗaya cikin uku a farkon damina, in kuma cire busassun furanni kafin su zama furfurar nan mai tashi ta faɗa cikin abinci. Sau ɗaya ta kai hannu kan wayar wuta, sai da aka hau tsani. Ƙananan ƙwari masu tsotsar ganye sukan taru a kan sabon toho lokacin ɗari. Ganyen dogon yaro nake dakawa in jiƙa ya kwana, in tace in fesa da yamma, sau biyu ko uku sun tafi. Ƙurar hunturu kuma nakan watsa mata ruwa a ganye sau ɗaya a mako.

Masu tambayar ko ta fi bogenbiliya, wannan mai ƙayar da ke kan katangun manyan gidaje: wajen jure ƙishi ba ta kama ƙafarta ba. Wanda zai yi tafiyar sati biyu a bazara ba mai ba ta ruwa, ko wanda ba shi da wurin da ke samun inuwa da yamma, ya sayi bogenbiliya ya huta. Amma ita ba ta soke yaro, ba ta fasa ƙwallo, kuma ta fi saurin rufe rumfa nesa ba kusa ba. A wurina ta ci kuɗinta har da riba. Shi mai sayarwar ne ban ba shi maki ba.

Wani abin kuma, saye ɗaya ya isa unguwa guda. Irin da ke cikin furfurar na shuka sau biyu bai fito mini ba, amma reshe kamar wasa yake kamawa. A yanko mai tsawon biro da gaɓa uku, a cire ganyen ƙasa, a tsoma cikin ruwa a gorar roba a ajiye a inuwa, cikin sati biyu za a ga fararen saiwoyi. Reshen da ya kwanta a ƙasa mai danshi ma da kansa yake yin saiwa. A watan Agustan da ya wuce na raba goma sha huɗu, tara sun rayu, har da wadda ƙanwata ta kai Arkilla da wadda aka tafi da ita Wamakko. Masu cewa in ajiye musu, ku bari sai ruwa ya zauna a Yuli, ku zo da gwangwaninku da rairayi a ciki. Kafin nan ko kun zo ba zan yanka ba.