Mai hoton da muka ɗauka a Istanbul ya goge tsagar fuskar Hajiyarmu

Na daɗe ina jan ƙafa kan wannan rubutu, domin bawan Allahn nan ya kyauta mana a ranar da muka yi aiki da shi, kuma ba na son in ci haƙƙinsa. Amma mata uku ke nan suna neman lambarsa a wurina tun da suka ga hotuna biyun da na ɗora, kowacce na cewa ita ma in ta je shi za ta nema. Ba zan iya miƙa lamba in yi shiru a kan abin da ya faru ba.

Tafiyar ta Hajiya ce, mahaifiyata. Ta haura shekara 70, ta sauke farali, ta yi umara, amma ba ta taɓa fita ƙasar waje don hutu kawai ba. Har yau Santambul take kiran garin, yadda ta ji iyayenta suna faɗa. Babban burinta ta ziyarci kabarin Abu Ayyub al-Ansari, sahabin da ya sauki Manzon Allah (SAW) a gidansa a Madina, wanda yake kwance a unguwar Eyüp. Ni na saba zuwa Laleli saro kaya, kwana biyar in juyo, ban taɓa tsayawa kallon gari ba. A watan Afrilu muka tafi mu huɗu: ni, maigidana, Hajiya, da autarmu. Na ce wannan karon ba hoton waya za mu yi ba, sai na ƙwararre, saboda ba mu da hoton Hajiya na kirki ko guda a gidan.

A Instagram na samo shi. Kun dai san yadda suke caji, da yuro ne, kuma ba sa ragi a lokacin furanni. Na ba da rabi kafin alƙalami. Mun daidaita a kan awa 2, hotuna 40 gyararru cikin mako guda, wurare uku: dandalin Sultanahmet, wani rufin bene kusa da masallacin Süleymaniye, sai Ortaköy a bakin ruwa inda gadar nan ta Bosphorus take fitowa a bayan masallaci.

Ya ce mu haɗu ƙarfe 6 na safe, na ga kamar ya matsa mana, ashe ya san aikinsa. Mun baro zafin bazarar Kano muka tarar da sanyi mai shiga ƙashi. Mun same shi ya riga mu isa, da shayi a fulas da wani bargo ƙarami da ya kawo saboda na gaya masa akwai tsohuwa. Turkawa suna da al'adar sumbatar hannun dattijo su ɗora a goshi. Ya matso zai yi, sai ya lura Hajiya ta mai da hannunta cikin lafaya, nan take ya dafa ƙirjinsa ya rusuna ya yi mata sallama. "Teyze" yake ta kiranta, wato kamar mu ce Inna. Tun daga nan ya shiga ranta.

Dandalin fayau, daga mu sai masu shara da tattabaru. Ayasofya a gefe guda, ginin da aka gama tun shekara ta 537, masallacin Sultan Ahmed mai hasumiya 6 a ɗaya gefen, tsakaninsu furannin da Turkawa suke kira lale, suna ɗaya da lalen marhabin ɗinmu. Ya tsayar da mu masallacin Sultan Ahmed na bayanmu, hasken hantsin farko na sauka a fuskokinmu. Bai taɓa kai hannu jikin kowa ba, da baki da nuni yake gyara mana tsayuwa. In Hajiya ta gaji sai ya ajiye kyamara ya ce ta zauna a benci, ya lulluɓa mata bargon a gwiwa ta hannun autarmu. Kafin mu bar wurin da muka waiwaya, layin masu yawon buɗe ido ya fara nannaɗewa, da mun makara da ba mu samu ko kusurwa ɗaya babu kan mutane ba.

A wannan bencin ne yake ba maigidana tarihin wurin, maigida na fassara wa Hajiya: yadda Sultan Muhammad al-Fatih ya ci garin a 1453 yana ɗan shekara 21 ya mai da cocin Ayasofya masallaci, yadda daga baya aka mai da shi gidan tarihi, har aka dawo da salla a cikinsa a 2020. Hajiya ta ɗaga kai tana kallon ƙubbar, leɓenta na motsi, ƙwalla ta taru a idonta. Ashe ya ɗauka ba ta sani ba. Ya juyo mini da bayan kyamarar na gani. Wallahi ban taɓa ganin uwata haka a hoto ba. Kuma ku riƙe wannan: a ƙaramin gilashin kyamarar nan, fuskarta tana nan yadda Allah ya yi ta, baƙa mai sheƙi, da 'yar baka uku-uku a gefen bakinta, da billenta a kuncin hagu. Da idona na gani.

Da a ranar aka ce in ba shi taurari, biyar zan ba shi in ƙara da addu'a.

Hotunan ba su zo a mako guda ba, sai rana ta 19, bayan na yi tuni sau uku. Mun riga mun dawo gida. Na yi kuskuren da har yanzu yake damuna, ban buɗe ni kaɗai ba. Bayan sallar isha'i na tara kowa a ɗakin Hajiya, da ƙannena da matansu, na ce ku zo ku ga Santambul.

Gine-ginen sun yi kyau, wannan ba musu. Amma mutanen da ke gabansu ba mu ba ne. Maigidana baƙi ne sosai, a hoton ya koma wankan tarwaɗa mai toka-toka. Ni kuma kamar wadda ta shekara tana shafa man bilicin, abin da ban taɓa yi ba a rayuwata, har wuyana ya bambanta da bayan hannuna. Farar shaddar maigida ta ƙone da haske, aikin wuyan da aka yi wata guda ana yi ya ɓace gaba ɗaya. Jan lallen da aka yi mini kafin tafiya ya koma ruwan lemo. Duk wannan da na haɗiye. Sai muka iso kan hoton bencin nan.

Babu 'yar baka. Babu bille. Kunci sumul kamar na 'yar tsana, fari fat, an shafe har layukan goshinta.

Ɗakin ya yi tsit. Hajiya ta karɓi wayar, ta nemi tabaranta, ta daɗe tana dubawa. Sai ta kai yatsa gefen bakinta tana shafawa, ta ce, "Ke 'yar nan, ina tsagata?" Na rasa abin faɗa. Ta ce, "Ashe abin kunya ce da har sai an ɓoye ta?" Ta miƙo mini wayar ta ce a kashe mata fitila za ta kwanta.

Wanda bai san me wannan tsaga take nufi ba zai ce ai abin bai kai haka ba. Wanzamin gidansu ne ya yi mata ita tana jaririya, irin ta mahaifinta ce, irin ta kakarta ce. Da ita ake gane 'yar wane gida ce in ta shiga taron biki a garinsu. Mu 'ya'yanta ba wanda aka yi wa, Baba bai yarda ba, zamani ya riga ya juya, yanzu ma dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta hana. Yayyenta duk sun rasu. A zuriyarmu kaf, fuskarta ce ta ƙarshe da ke ɗauke da ita. Dalilin da ya sa na cire kuɗi masu nauyi na ɗauki ƙwararre ke nan, don jikokinta da ba a haifa ba su ga wannan fuskar. Shi kuma ya zauna gaban kwamfuta ya goge ta kamar tabon ƙuraje. Kwandon sharar da ke bayan bencin yana nan a hoton bai taɓa shi ba.

A daren na tura masa saƙo ta WhatsApp, hannuna na rawa. Ya amsa da safe. Ya ce ya ɗauka tabon rauni ne, wai yawancin masu zuwa wurinsa roƙonsa suke yi ya cire musu irin wannan, kuma launi iri ɗaya yake ɗora wa duk hotunansa don shafinsa ya tafi bai ɗaya. Ya ba da haƙuri, kuma na ji alamar har zuciyarsa ne. Amma ya yi awa biyu yana kallon fuskar nan. Layuka uku a dama, uku a hagu, a jere daidai wa daida, wane rauni ne yake zuwa haka? Tambaya ɗaya ta ishe shi.

Ƙanena yana ɗaukar hotunan biki a nan Kano, shi ya warware mini yadda abin yake. Ya ce masu wannan sana'a suna da tsarin launi da suka adana, danna ɗaya ya hau kan hotuna ɗari, kuma in an gina tsarin a kan farar fata, to yana ƙara haske yana rage ja da ruwan ƙasa, shi ya sa baƙin mutum yake fitowa kamar an barbaɗa masa toka. Akwai kuma manhajar da ke laluben fuska da kanta tana share duk abin da ta ɗauka aibi ne. Ya ce amma ɗanyen hoton da kyamara ta ɗauka yana nan da komai, in ya turo shi zai gyara mini a dare ɗaya. Na nema. Mutumin ya ce ɗanyen hoto ba ya cikin cinikinmu, sayar da shi yake daban, kuɗin kuma ya kusa rabin abin da na riga na biya. Na koma na duba saƙonninmu na farko, gaskiyarsa ce, ya rubuta, ni ce ban san muhimmancinsa ba a lokacin. Na kuma koma shafinsa na bi hotunan ɗaya bayan ɗaya har ƙasa. Babu baƙar fata ko guda. Gine-ginen na tsaya kallo lokacin da nake zaɓe, ban kalli mutanen ba.

A ƙarshe ya yarda zai sake gyara guda 10 kyauta. Na zaɓa, na rubuta masa dalla-dalla kada ya taɓa fata, kada ya taɓa fuska. Da suka dawo, sai da na yi kuka. Ashe ya iya. Launinmu ya dawo, aikin shaddar ya fito zare-zare, ruwan ƙwai na lafayar Hajiya ya zauna a kan baƙar fatarta kamar don ita aka saƙa. Hoton bencin na kai aka wanke mini babba aka sa a firam. Ranar da na kai mata ba ta ce komai a kan na farkon ba, ta dai sa aka cire kalandar da ke saman gadonta aka rataya shi a wurin. Duk baƙuwar da ta shigo sai ta nuna mata ta ce, "Ga ni a Santambul." A wannan ranar na ji na yafe masa.

To amma da na zauna rubutun nan sai sauran abubuwan suka dawo mini. Rufin benen da ya kai mu, hawa biyar ne ta wata matattakala mai ƙunci, babu na'urar hawa, alhali tun farko na gaya masa Hajiya na fama da gwiwa. Sau huɗu tana tsayawa, maigida na riƙe da jakarta yana cewa, "Sannu Hajiya, a hankali, ko mu haƙura?" ita kuma ba ta son ta ɓata mana tsari. Da muka kai sama sai ga mai wurin da nasa kuɗin shiga, kowane kai, wanda ba a taɓa ambata mini ba. Wurin yana da kyau, ba zan ɓoye ba: darduma da matasai a shimfiɗe, Süleymaniye da magini Mimar Sinan ya gama a 1557 a gefenka, hasumiyar Galata a tsallaken ruwa, ana jefa gutsuren simit, burodin nan nasu mai riɗi, fararen tsuntsayen teku na sauka har kusa da kai. Autarmu har yau zancen take yi. Amma hawa da saukar sun cinye lokacin, yana duba agogo ya ce awa biyu ta cika, Ortaköy sai dai in za mu ƙara kuɗin awa ɗaya. Wuri uku na biya, biyu na samu. Hajiya kuma ta wuni a kwance washegari, sai da muka ɗaga ziyarar Eyüp da kwana ɗaya, wadda ita ce dalilin tafiyar tun asali.

Don haka taurari biyu da rabi zan ba shi, kuma rabin na bargon nan ne da dafa ƙirjin da ya yi. Cikin matan uku na ba ɗaya lambar, wadda ta fi matsawa, na ce ta sa ya nuna mata aikin da ya yi wa baƙaƙe kafin ta tura ko sisi, ta sa maganar ɗanyen hoto a cikin ciniki, ta kuma tambayi hawa nawa ne benen in da babba a tafiyar.

Hotuna 30 na nan a wayata ban nuna wa kowa ba, ban kuma iya gogewa ba. A cikinsu akwai guda ɗaya tak da muka fito mu huɗu gaban Ayasofya, Hajiya ta dafa kan autarmu. Cikin ruɗewa ban sa shi a goman da na zaɓa ba. Na tura masa saƙo cewa zan biya kuɗin gyaran wannan ɗayan. Ya karanta, yau kwana shida ke nan bai amsa ba.