Iska ko maganin hana daskarewa mai ruwan hoda: me za ka saya kafin sanyi ya fasa bututun motar gidanka?

Duk mai motar gida, wato motar tafiye-tafiye mai ɗakin kwana da banɗaki da ake kira RV, a Minnesota ta Amurka ko Ontario ta Kanada ya san ba a wasa da watan Oktoba. Ruwa in ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, ɗan wanda ya maƙale a bawul ɗin masai kaɗai ya isa ya tsaga shi. Hanya biyu ake bi don kare bututun, kowace da kayanta.

Ta farko hura iska ce. Za ka sayi ɗan toshe da ake ɗaurawa a bakin shigar ruwa, sai kwampireso marar mai, ka tsayar da ƙarfinsa tsakanin psi 30 zuwa 40 (psi ma'aunin ƙarfin iska ne). Sau ɗaya za ka kashe kuɗi, ruwanka kuma ba zai yi ɗanɗanon magani ba idan sanyi ya wuce. Aibinta, iska ba ta kwashe ruwa duka. Wani na kwanciya a lanƙwasar bututu da cikin famfo.

Ta biyu ita ce maganin hana daskarewa mai launin ruwan hoda, kuma a nan ake yawan tafka kuskure. Jarkokin duk kamarsu ɗaya, akasari an rubuta -50°F a jiki, amma abin ciki ya bambanta. Mai ethanol ya fi araha, sai dai yana busar da robobin bawul, yana barin wari, yana kuma kama wuta. Mai propylene glycol ya fi tsada, amma ba ya cutar da roba. Juya jarkar ka karanta bayanta, kada launi ya ruɗe ka. Na radiyeton mota kuwa, mai ethylene glycol, guba ne, ko kusa kada ya shiga bututun ruwan sha.

Galan 2 zuwa 3 sun isa yawancin motoci, muddin akwai bawul ɗin da ke kewaye tankin hita. In babu, sayo shi tukuna, don tankin nan na cin galan 6 ko 10 a banza. Ka cire matatar ruwa ma kafin ka fara.

Ni dai, a inda ƙanƙara ke yin watanni, haɗa su nake gani ya fi: a hura iska, a bi da propylene glycol. Mai zama kudancin Texas iska za ta iya wadatar da shi, amma shi ma sai ya tsiyaya kofi guda na maganin a kowane magudanar sinki da shawa, domin iskar ba ta kaiwa can.