Jiƙaƙƙen gilashi ko busasshe: hoton jirgin ƙasa cikin dusar ƙanƙara

A shekarun 1860, ana shimfiɗa layin dogon Central Pacific a tsaunukan Sierra Nevada na Amurka, Alfred Hart yana biye da leburori da kyamararsa. Jiƙaƙƙen gilashi yake aiki da shi, wato gilashin da hoton ke zama a kansa maimakon fim, dabarar da Frederick Scott Archer ya fito da ita a 1851. Za ka shafa wa gilashi wani sinadari mai danƙo da ake kira kolodiyan, ka tsoma shi a ruwan azurfa, ka ɗauki hoto, ka wanke, duk kafin ya bushe, wato cikin minti goma zuwa sha biyar. Ɗakin duhunka kuwa yana kan keken doki, duk inda ka sa ƙafa. To, ina ga lokacin sanyi? Ruwa ya daskare, yatsu su ƙage, sinadari ya yi nawa. Jirgi ma sai ya tsaya cik, in ya motsa hoton ya dagule.

Busasshen gilashi, wato wanda aka riga aka shafa wa sinadari ya bushe, wanda Richard Maddox ya gabatar a 1871, ya sauƙaƙa wahalar. Zuwa shekarun 1880 a kanti ake sayensa. Mai hoto ya zuba a akwati, ya ɗauki hoto, ya wanke bayan kwanaki a ɗaki mai ɗumi. Yana kama haske da sauri, har jirgi mai gudu da hayaƙinsa.

Ga aikin sanyi, busasshe ya fi, babu ja. Amma ni hotunan Hart na rumfunan katako da aka gina wa dogo don tare ƙanƙara sun fi taɓa min zuciya, domin kowanne a gindin dutsen aka wanke shi.