Shagon baduku a Birni, ya cancanci a leƙa

Jama'a duk wanda ya zo Damagaram, wato Zinder, yawon buɗe ido, in ya gama kallon fadar Sarki, don Allah ya daure ya shiga lungunan Birni, akwai wani dattijo baduku nan kusa. Na kai baƙona daga Kano, wallahi tun daga ƙofa ƙamshin jima ke tarbarka, baba yana zaune kan buzu da basilla yana ɗinka alabe na jar fatar akuya, ɗinkin nan kamar na inji, yana aiki yana ba mu labarin yadda Zinder ta riƙe babban birnin Nijar har 1926. Alabe biyu muka ɗauka jika shida, wato sefa dubu shida. Wurin dai ya yi ƙunci, mutum uku sun cika shi. Allah ya ƙara ma baba lafiya.