Kwikwiyo daga wajen mafarauci ko ɗan waje daga masu kiwo?

Ɗan'uwa da ka yi tambaya kan gidan gonarka da ke bayan gari, ka ce ɓarayi sun dame ka da ɗaukar kaji da awaki kana son kare na gadi, wani mafarauci a ƙauyen ya ce zai ba ka kwikwiyo in karyarsa ta yaye, abokinka kuma yana cewa a'a ka sayi ɗan waje, wato karen ƙasar waje irin Alsatian ko Boerboel, wajen masu kiwonsu. Toh ni dai ga yadda nake ganin abin.

Na mafarauci babban amfaninsa shi ne uwar tana nan a gabanka. Ka je gidan da kanka, ka ga yadda take yi in baƙo ya shigo, tana haushi ta tsaya kyam ko kuwa sa wutsiya take tsakanin ƙafafu ta shige ƙarƙashin rumbu, saboda yawanci ɗan ba ya nisa da halin uwa. Sannan karen Hausa nan aka haife shi, zafin Maris da Afrilu bai dame shi ba, zai tona ɗan rami a gindin randa ya kwanta abinsa, abinci kuwa ƙanzo, ragowar tuwo, ɗan kayan ciki daga kwata, shikenan ya rayu. Kaska ma tana kama shi amma ba ta cika kayar da shi kamar yadda take yi wa 'yan waje ba. Kuɗi kuma tukuici ne kawai, wanda ma ya fi wa wasu kwanciyar hankali tunda akwai hadisin da ya yi hani kan kuɗin kare, malamai sun yi saɓani a kan na gadi da farauta, wannan kam sai ka tuntuɓi malaminka.

Matsalarsa biyu. Da wuya a ce an taɓa yi wa uwar allura ko an ba 'ya'yan maganin tsutsa, za ka ga cikin kwikwiyon ya yi tulu ka ɗauka ƙoshi ne alhali tsutsa ce fal. Na biyun kuma jinin farauta gare shi, kai kuma kaji kake son a tsare maka, in ba tun yana ƙarami ka saba masa da su kana kwaɓarsa ba, wallahi shi zai riga ɓarawon.

Ɗan waje kuwa gaskiya akwai kwarjini, muryar Boerboel kaɗai ta isa ta sa mutum ya fasa haura katanga, asalinsa ma karen gadin gona ne a Afirka ta Kudu kuma gashinsa gajere ne, don haka ya fi dacewa da nan a kan karen Caucasian da mutane ke rububi yanzu, wanda daga duwatsu masu ƙanƙara ya fito, kawo shi Sakkwato ko Maiduguri ai azabtarwa ce. Alsatian ɗin Jamus akwai kaifin ƙwaƙwalwa da saurin koyo amma suna yawan gadon ciwon ƙugu. Mai kiwo na ƙwarai zai nuna maka uwa, ya miƙo maka katin allura mai sa hannun likitan dabbobi da kwanan wata. Sai dai kuɗin sayen zai iya kawo maka akuya har da canji, kuma wannan somin taɓi ne, abincinsa na kullum da magani su ne aikin. Ka tambayi kanka wa zai kula da shi a gonar, in yaron da ke kwana can tsoronsa yake ji toh ɗaure shi zai yi da sarƙa dare da rana, kuɗinka sun tafi a banza.

Wanda ban yarda da shi ba sam shi ne na bakin titi cikin kwali da na Facebook da za a ce turo kuɗi a ɗora maka a mota. Ba a cinikin biri a sama. Sau da yawa ruwa biyu ne ake sayar maka da sunan na asali, sai ya girma ka ga abin da ka saya, kuma an raba shi da nono tun bai kai ba, alhali sati 8 ya kamata ya yi da uwarsa. Irinsu ne cutar nan ta karnuka fabo (parvo) ke kamawa, amai da zawo mai jini mai ƙarni, kwana kaɗan ya mutu, ƙwayar cutar kuma ta zauna a ƙasar gidanka wata da watanni tana jiran wanda za ka sake kawowa.

Ko wanne ka ɗauka asibitin dabbobi za ka fara kai shi kafin gona. Allurar fabo da sauran cututtuka ana farawa a sati 6 zuwa 8 a maimaita, ta ciwon haukan kare kuma a wata 3 sannan duk shekara, ana ma haɗa ta a nan gida a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom kusa da Jos. Kar ka yi wasa da wannan don kana da yara da leburori, kusan kashi 99 cikin 100 na mutanen da ciwon haukan kare ke kamawa daga kare suke samu, in alamu suka bayyana kuma sai dai addu'a. In karen ya ciji wani a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15 a wuce asibiti, ba wai a tsaya neman gashin karen ba.

In ni ne kai na mafaraucin zan karɓa, guda biyu ma in zai bayar don su riƙa taya juna haushi da dare, in zaɓi wanda ya taho yana shinshinar ƙafata ba wanda ya raɓe a lungu ba. Ka duba cikin kunnensa da tsakanin yatsu ko akwai kaska, dasashinsa ya zama ja ba fari fat ba, sannan ka bar shi wajen uwar har ya cika wata biyun ko da mai shi ya matsa maka ka zo ka ɗauka.