Sak ko wake da shinkafa: abin da Basakkwace zai auna kafin ya dangwala ƙuri'a

Takardun ƙuri'a biyar ne ke shiga hannun mai zaɓe a babban zaɓe. Ranar farko ana ba shi uku: ta shugaban ƙasa, ta sanata, da ta ɗan majalisar wakilai. Bayan 'yan makonni a ba shi ta gwamna da ta ɗan majalisar jiha. Babu sunan ɗan takara ko hotonsa a kansu, sai tambarin jam'iyya da gajeren sunanta, domin tsarin mulkinmu bai ba ɗan takara mai zaman kansa dama ba. Ko da mutum kake so, ta ƙofar jam'iyya za ka bi ka kai gare shi. Ra'ayina shi ne kowace takarda a auna ta ita kaɗai, kada a saye su a dunƙule. Mai sayen buhun albasa a kasuwa ba ya tsayawa kan manyan da aka jera a baki, sai ya sa hannu can ciki ya taɓa.

Tarihin jihar nan ya isa hujja. Attahiru Bafarawa ya yi mulki daga 1999 zuwa 2007 a APP wadda ta koma ANPP, daga baya ya kafa DPP. Mataimakinsa Aliyu Magatakarda Wamakko ya ci gwamna a PDP a 2007, ya koma APC a 2013. Aminu Waziri Tambuwal ya hau a APC a 2015, ya sauya sheƙa zuwa PDP a 2018. Ahmed Aliyu, wanda ya yi masa mataimaki, ya tsaya a APC ya hau kujerar a 2023. Kusan duk manyan sun taɓa zama inuwa ɗaya. Wanda ya ce maka jam'iyya kaza ta mutanen kirki ce zalla, waccan kuma ta azzalumai, tambaye shi inda jagoransa yake shekara goma da suka wuce.

APC, mai tsintsiya, ita ke riƙe da tarayya tun 2015, da jiha tun 2023. Sauƙin auna ta shi ne aikinta na gaban idonka. Masu goyon bayanta za su nuna maka shirin bashin manoma da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a 2015, da babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry da aka faro daga Illela, da bashin karatu na ɗalibai, da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024. Za su kuma ce jiha ta fi samun romo idan tana jam'iyya ɗaya da Abuja. A ɗaya ɓangaren akwai cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, da faɗuwar darajar naira, da tsadar da ta biyo baya, wadda ɗan kabu-kabu da mai gidan da ke cefane ba sa bukatar a ba su labarinta. Akwai kuma rufe iyaka da Nijar bayan juyin mulkin Yuli 2023, wanda ya tsayar da harkar Illela har Maris 2024. Sai dai cire tallafin ya ƙara wa jihohi kason da suke samu daga asusun tarayya, don haka tambayar da ta dace da duk mai neman ta-zarce ita ce: ina ƙarin ya shiga? Duba famfon unguwarku, asibitin garinku, da haƙƙin 'yan fansho.

PDP, mai lema, ta mulki ƙasar shekara 16. A zamaninta wayar salula ta shigo a 2001, aka yafe wa Najeriya bashi mai yawa a 2005, aka buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi a 2012. A zamaninta ne kuma Boko Haram ta yi ƙarfi har aka sace 'yan matan Chibok a 2014. Tana da tushe a Sakkwato har rumfunan ƙauye, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin jam'iyyar da ba ta da wakili a akwati ba ta iya kare ƙuri'arka. Rauninta shi ne rikicin cikin gida da ya raba kan manyanta tun kafin zaɓen 2023, lokacin da gwamnoninta biyar suka juya wa ɗan takararta baya. Kafin ka ba ta, ka tabbatar ɗan takarar yankinku ya fito ta halastaccen zaɓen fid da gwani, kada kotu ta soke shi bayan ka sha rana a layi.

Sai ADC, wadda gamayyar 'yan adawa ta runguma a Yuli 2025 ƙarƙashin David Mark. Ba ta taɓa mulkin ƙasa ba, amma yawancin jiga-jiganta tsofaffin gwamnoni da ministoci ne na PDP da APC, saboda haka da tarihin kowanensu za a auna ta. NNPP ta ci Kano a 2023, LP kuma ta ci Legas da Abuja a zaɓen shugaban ƙasa, amma a Sakkwato su biyun a haɗe ba su kai ƙuri'a 10,000 ba. Ban ce ƙuri'ar da aka ba ƙaramar jam'iyya asara ba ce. A kujerar majalisar jiha, inda mazaɓa ba ta da faɗi kuma kowa ya san gidan su kowa, mutumin kirki yana iya ci da kowane tambari. A kujerar shugaban ƙasa kuwa sai ɗan takara ya samu kashi 25 cikin ɗari a jihohi 24 bayan rinjaye, sai ka yi lissafinka da sanin haka.

Abin da ya fi damuna shi ne tsaro, kuma a nan ne aka fi ruɗa mai zaɓe. Mutanen Sabon Birni, Isa, Rabah, Goronyo da Wurno sun shekara da shekaru suna biyan 'yan bindiga kuɗin fansa, wasu har da harajin noma, ga Lakurawa a Tangaza da Gudu. Gonaki sun koma saura, mata da yara sun cika gidajen 'yan'uwa a cikin gari. Lokacin da aka kai hari kasuwar Goronyo a Oktoba 2021, PDP ce ke da jiha, APC ke da tarayya, kowa na nuna ɗan'uwansa da yatsa. Yanzu jam'iyya ɗaya ce sama da ƙasa, matsalar kuma ba ta ƙare ba. Soja da 'yan sanda na ƙarƙashin gwamnatin tarayya ne, don haka alhakin farko na kan shugaban ƙasa, da sanatoci uku da 'yan majalisar wakilai 11 da jihar ke turawa Abuja. Gwamna na da nasa kason: tallafa wa jami'ai da motoci, jami'an sa-kai, hanyoyin karkara, kula da 'yan gudun hijira. Duk wanda ya zo neman ƙuri'a daga gabashin jihar, a tambaye shi sau nawa ya tashi a zauren majalisa kan kashe-kashen, kuma yaushe ya kwana a mazaɓarsa. Idan bai iya shiga garinku sai da jerin motocin tsaro a lokacin kamfen, ku da kuke kwana a can kuna da damar jin dalili.

Masu cewa a yi sak, wato a ba jam'iyya ɗaya duka ƙuri'un, suna da hujja: gwamna da majalisa 'yan jam'iyya ɗaya sun fi saurin zartar da kasafi. Amma majalisar jiha mai kujeru 30 aikinta ne ta binciki yadda ake kashe kuɗi, kuma wanda guguwar wani ta ɗauko, ko uban gida ya yi masa ɗauki-ɗora, da wuya ya buɗe baki. Ni na fi karkata ga wake da shinkafa, wato gauraya jam'iyyu, idan cancanta ta rarrabu. Idan kuma jam'iyya ɗaya ta tsayar da nagari a duka kujerun, ba laifi a ba ta duka.

Taliya, sabulu, atamfa da 'yan dubban da ake rabawa daren zaɓe ba sa kai mako guda, kujerar kuwa shekara huɗu ce. Iyayenmu mata aka fi bi da wannan, su ne kuma suka fi haƙurin tsayuwa a layi, ya kamata 'ya'yansu su zauna su yi musu bayanin tambura tun kafin ranar.

Kada kuma kowa ya ce ƙuri'arsa ɗaya ba ta canza komai. A 2019 ƙuri'a 342 ce ta raba Tambuwal da Ahmed Aliyu, bayan an yi zagaye na cikon gurbi. A 2023 tazarar Atiku da Tinubu a jihar nan dubu uku da 'yan kai ce, PDP ta ci na shugaban ƙasa a jihar, bayan mako uku APC ta ci na gwamna. Ka duba katinka tun yanzu, idan ka sauya unguwa ka nemi INEC ta mayar da kai rumfa mafi kusa lokacin da aka buɗe rajista. Ranar zaɓe na'urar BVAS za ta tantance ka da yatsa ko fuska. Ka dangwala cikin gurbi ɗaya, ka lura wajen naɗe takardar kada tawada ta shafi wani tambari a soke ƙuri'ar. Doka ta ba ka damar tsayawa nesa kaɗan cikin lumana har a ƙirga a gaban jama'a, wakilan jam'iyyu su sa hannu, a manna sakamakon a rumfar.