Na'urar haɗa yogot ta lantarki: tana aiki, amma sai in wuta ta zauna

Na mallaki wannan na'ura ne saboda surukata, ba don sha'awar tara kayan kicin ba. Hajiya ta zo daga Funtuwa ta zauna tare da mu a Agege domin ganin likita, kuma ita mace ce wadda idan ba ta sha fura da rana ba, a wurinta ba a ci abinci ba. Likita ya hana ta sukari, yogot ɗin shaguna kuwa kusan duk wanda na ɗauka na karanta jikin robarsa sai na tarar da sukari a jerin kayan haɗinsa, wanda babu sukarin kuma kuɗinsa ba na sha kullum ba ne. Nonon da ake tallansa a unguwa yana da daɗinsa, sai dai shanun ba kusa suke ba, kafin ya iso hannunmu cikin zafin Legas ya riga ya yi tsamin da tsohuwa ba za ta iya ba. Dalilin ke nan da ya sa maigida ya biya ta kasuwar Alaba ya taho mini da na'urar, irin mai kwalaben gilashi guda bakwai da ɗan allo a gaba wanda yake nuna awannin da suka rage.

Hakkinta ne a fara da abin da ta iya. Idan wuta ta zauna daga farko zuwa ƙarshe, yogot ɗin da take fitarwa ya fi duk wanda na taɓa haɗawa a kula. Yana kamawa sosai har cokali ya tsaya a cikinsa, ba ya fitar da ruwa a sama sai ɗan kaɗan, tsaminsa kuma daidai yake da na kindirmon da ya kwana ɗaya. Ranar da na fara dama wa Hajiya fura da shi, sai da ta shanye ta ajiye ludayi sannan ta ce, "'Yar nan, Allah Ya yi miki albarka, wannan ai kamar a gida." Wanda ya san ta ya san ba ta yawan yabon abincin Kudu, saboda haka a makonnin farko babu wadda ta shigo gidana ban nuna mata na'urar ba.

Ya kamata mai niyyar saye ya fahimci cewa aiki ɗaya tak na'urar take yi, wato riƙe ɗumi. Ba ta dafa madara, ba ta juyawa, ba ta sanyayawa. Ƙwayoyin halitta iri biyu ne suke mayar da madara yogot, Lactobacillus bulgaricus da Streptococcus thermophilus, kuma sun fi aiki a zafin da ke tsakanin digiri 40 zuwa 45 a ma'aunin Salsiyos, inda suke cinye sukarin da ke cikin madara su mayar da shi tsami, tsamin kuma shi ne yake daskarar da madarar. Sauran aikin duk yana wuyan mai haɗawa. Ni da madarar gari nake yi, tunda madarar shanu ɗanya ba ta samuwa a nan yadda ake so. Kimanin giram 130 ke ba da lita ɗaya ta madarar sha, amma ina ƙarawa ya kai wajen 160 domin kauri. Ina ɗora ta a wuta ta kai kusan digiri 85, in sauke ta huce zuwa 43, sannan in zuba iri cokali biyu daga yogot marar sukari, in rarraba a kwalabe, in saita awa 8. Wannan ɗumamawar ta farko ba ɓata lokaci ba ce, ita ce take kashe baƙin ƙwayoyi kuma take sa yogot ya kama da kyau. Madarar awo da ake haɗawa da man itatuwa tana kamawa ita ma, amma ɗanɗanonta bai kai na mai cikakken maiƙon shanu ba, kuma Hajiya tana ganewa tun a cokalin farko.

Batun cin wuta ma ba abin damuwa ba ne. A ƙasan na'urar an rubuta wat 20, ke nan a awa 8 ba ta cin ko kashi ɗaya cikin biyar na yunit guda. Ko da farashin naira 225 kan kowane yunit da aka sanya wa 'yan rukunin Band A, wato unguwannin da aka yi wa alkawarin wuta mafi yawa, a watan Afrilun 2024 aka lissafa, haɗi ɗaya bai kai naira 40 ba. Matsalar ba yawan wutar da take sha ba ce, matsalar ita ce tana bukatar wutar ta zauna ba yankewa, mu kuwa unguwarmu ba ta cikin waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana.

Abin da ya sauya mini ra'ayi ya faru ne a daren da za mu wayi gari da baƙi. Ƙannen maigida mata da wasu 'yan uwa daga Idi-Araba sun yi sallama za su zo duba Hajiya, ita kuma ta riga ta ba su labarin kindirmon da surukarta take haɗawa, har ta sa aka sayo fura mai yawa tun yamma. Bayan isha'i na haɗa madara kamar kullum, na cika kwalabe, na saita awa 8, na ga allon yana ƙirgawa sannan na kwanta. Can cikin dare aka ɗauke wuta, maigida ya tashi ya kunna janareto saboda zafi da sauro, kuma tsakanin ɗaukewar da kunnawar bai fi 'yan mintoci ba. Firji ya ci gaba da aiki, fanka ta ci gaba da juyawa, kowane abu a gidan ya koma bakin aikinsa in ban da wannan na'ura. Ita da zarar wuta ta yanke, ko na ƙiftawar ido ne, sai ta manta da duk abin da aka saita mata, idan wutar ta dawo kuma sai ta tsaya tana ƙyafta lambobi tana jiran a sake danna mata maɓalli. Ba ta yin ƙara, ba ta ba da wata alama da mai barci zai ji.

Da asuba na shiga kicin na tarar da ita a kunne amma jikinta babu ɗumi. Da na buɗe kwalba ɗaya, madarar ba ta zauna madara ba kuma ba ta zama yogot ba, ta yi wani rabin kamu, idan aka ɗaga cokali sai ta biyo shi da yauƙi kamar miyar kuɓewa, warinta kuma ba irin tsamin da na sani ba ne. Dalilin a fili yake. Madarar ta kwana a ɗumin ɗaki, wanda a Legas yakan yi kusa da digiri 30 ko da dare, zafin da ya yi wa ƙwayoyin yogot kaɗan su yi aiki da sauri amma ya ishi wasu ƙwayoyin su yi yawa kafin tsami ya hana su. Irin wannan ba na ba wa yaro ba ne, balle tsohuwa mai jinya. Haka na juye kwalabe bakwai a magudanar ruwa, a wannan zamani da kowa ya san yadda madara ta koma.

Asarar madarar ba ta yi mini ciwo kamar tsayawa gaban Hajiya ba. Na durƙusa na gaishe ta na ce, "Hajiya, ku yi haƙuri, nonon yau bai yi ba, wuta ce ta ɓata shi." Ta yi shiru, sannan ta ce babu komai, Allah bai nufa a sha ba. Baƙi suka zo, aka aika yaro ya sayo yogot na shago mai sukari aka dama musu, ita kuma ta zauna tana kallo da kofin ruwan ɗumi a hannu, furar da ta sa aka sayo saboda alfahari da ni tana gabanta ba ta taɓa ba. Wata daga cikin ƙannen mijin ta tambaya cikin raha ko wannan ne injin da ake ta ba su labari. Na yi dariya tare da kowa, amma ni na san abin da na ji.

Maigida ya kira mai shagon, domin tun a wajen ciniki ya tambaye shi musamman ko na'urar tana ci gaba da kanta idan wuta ta dawo, shi kuma ya tabbatar masa da cewa tana yi. Amsar da ya bayar a waya ita ce ai na'urar lafiyarta ƙalau, wutarmu ce ba ta da kyau, kuma kayan da aka yi amfani da shi ba ya komawa. Maganarsa ta farko gaskiya ce, amma ai duk wanda yake sayar da kayan lantarki a Legas ya san irin wutar da masu sayensa suke da ita, kuma tambayar da aka yi masa ke nan tun farko. Takardar bayanin da ke cikin kwalin ma ba ta ce komai a kan yankewar wuta ba. Da alama an ƙera na'urar ne domin ƙasashen da sanyi ne matsalarsu, inda wuta ba ta motsi.

Bayan wannan na gane cewa matsalar tana da fuska ta biyu. Idan mutum yana farke ya lura wuta ta yanke ya sake danna maɓallin, ƙirgen yana komawa farko ne, saboda haka sai ya riƙe a kansa awa nawa aka riga aka yi ya rage da hannu, in ba haka ba yogot ya wuce lokacinsa ya yi tsami ya tsinke, ruwa a sama guda-guda a ƙasa. Haka nan idan lokacin ya cika ta kashe kanta, kwalaben suna nan cikin ɗumi suna ci gaba da tsami har sai an kwashe su zuwa firji, wanda shi ma wutar yake jira. Ke nan amfanin da aka ce tana da shi, na a saita a je a kwanta, a gidanmu bai tabbata ba.

A nan ne na fara tambayar kaina ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Kafin na'urar, a kula nake haɗawa kamar yadda mata da yawa suke yi: a zuba madarar a roba mai murfi, a saka a kular abinci tare da gorar ruwan zafi, a lulluɓe da bargo a bar shi ya kwana. Wannan hanya ba ruwanta da wuta, tana ɗaukar lita huɗu ko biyar a lokaci guda, alhali kwalabe bakwai na na'urar gaba ɗaya lita ɗaya da ɗan ɗori ne, abin da gida mai yara yake shanyewa a zama ɗaya. Aibin kula shi ne ba kullum take ba da sakamako iri ɗaya ba, musamman da damina ko lokacin hunturu da dare yake ɗan yin sanyi, wata rana ya kama sosai wata rana ya yi ruwa-ruwa. Na'urar ta fi ta a nan nesa ba kusa ba, kuma ga mai jinya da ake auna masa abin da zai ci, kwalba ɗaya a rana ma'auni ne mai sauƙi. Da wannan nake lallashin kaina duk lokacin da na tuna da waccan safiya, kodayake lallashin ba ya daɗewa, domin sai wani abin ya sake tasowa.

Fuloginta mai ƙafa biyu ne, ba ya zama a soket ɗinmu mai ƙafa uku sai da adafta, adaftar kuma idan ta ɗan motsa daidai take da an ɗauke wuta, ƙirge ya goge. Wayar gajeriya ce ƙwarai. Murafen kwalaben na roba ne marar ƙwari, wasu sun fara tsagewa a gefe tun ba a je ko'ina ba, kuma ban samu inda ake sayar da su daban ba. Babban murfin yana tara gumi, idan ba a ɗaga shi a hankali ba ruwan ya zuba cikin kwalaben. Ba a haɗo ta da ma'aunin zafi ba, alhali zuba iri a madarar da ta yi zafi da yawa yana kashe shi, sai da na saya daban.

Wata maƙwabciyata tana da irin ta da, marar allo marar agogo, maɓalli ɗaya ne kawai na kunnawa da kashewa, kuma ta fi tawa araha. Tata idan wuta ta dawo sai ta ci gaba da ɗumama abinta ba tare da an taɓa ta ba, gajeriyar yankewa ba ta yi mata komai, tunda kwalaben ba sa hucewa nan take. Wato ƙarin kuɗin da muka biya saboda allo da agogo shi ne ya sayo mana matsalar. Duk wadda take zaune a Legas kuma ba ta da sola ko inbata, shawarata ita ce ta nemi irin wannan marar allo, ko kuma ta sa a gwada mata a shago kafin ta biya: a kunna, a saita, a zare fulogi, a mayar, a ga abin da za ta yi. Mai inbata kuwa ba ta da fargaba, wat 20 ba zai girgiza batirinta ba, kuma za ta ji daɗin na'urar fiye da yadda na ji.

Yanzu da safe nake haɗawa, a ranakun da zan wuni a gida, ina leƙa allon lokaci zuwa lokaci, kuma na Hajiya kaɗai nake yi a ciki. Na yara da na baƙi ya koma kula da bargo. Da za a tambaye ni maki, biyu da rabi zan ba ta cikin biyar, kuma idan murafen nan suka ƙarasa tsagewa ba na jin zan sake neman irinta.